Matar da ke Fizgar Bel

A garejin Sambo makanike, bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wata mata tana tsaye jikin tsohuwar Landirofa, irin wadda Fada yake kwasar mu a ciki zamanin makarantar mishan, babu bel ɗin kujera sai addu'a. Doguwa ce, da zanen zumuntar matan coci, da tabo daga gira zuwa kunne. A kujerar gaba akwai sandar guragu. Ina jin tabon da sandar rana ɗaya ta kawo su.

Sambo ya ɗaura sabon bel, irin wanda ke cijewa idan an fizge shi. Ta fizga, ya biyo salin-alin, bai cije ba.

"Mama, ai don jami'an hanya ake sawa," in ji Sambo yana dariya. "Kowa yafawa yake yi a ƙirji."

"Kwance shi," in ji matar. "Gobe zan kai maigidana asibiti Jos. Motar nan ta taɓa jefar da shi waje."

Dariyar ta tsaya. Ya kwance, ya daidaita akwatin bel ɗin da ya karkace, ya ɗaure tamau. Ta fizga da dukan ƙarfinta. Bel ya cije.

Har yanzu ba ta sake shi ba.