Kawu Bawa da Rijiyar Bayan Gulma

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Bawa takarda ya san abin da ke biyo baya. Ba zai karanta ba sai ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne gefunanta da duwatsu huɗu, ya ɗauke ta hoto. Takardar ɗaukata aiki ma ba ta tsira ba. Na kai masa da murnata don ya sa albarka, ya bar ni a durƙushe yana gyara kyamara, yana faɗin abin da ya saba faɗi, wai takarda abincin gara ce.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, ƙanin mahaifiyata ne, masanin sinadarai da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon ƙauyukan kwarin Rima da kwalabe, yana gwada ruwan rijiyoyi. Damuwarsa ɗaya ce a duniya, kada abin da ya gano ya mutu a durowar wani ofis alhali mutane na shan ruwan. Shi ya sa ya haukace a kan maikurofim, wani siririn fim da ake ƙanƙance shafi a kansa ya koma kamar farcen yatsa. Littafi sukutum sai ya shige aljihu. Ɗakin ajiyar shinkafar matarsa, Inna Kulu, ya mayar wurin wanke fim, ya toshe taga da tsummoki. Shekara da shekaru tuwon gidan nan yana warin asibiti, kuma duk wanda ya yi ƙorafi sai Kawu ya ce hancinsa ne ke da matsala.

Don gudun laima, sai ya riƙa kai finafinan wurin baduku ana ɗinke masa su a fata. Kun ga kuwa sun zama layu sak! Wata rana a kasuwar Argungu wani masunci ya hango su a wuyansa, ya bi shi yana roƙon guda ɗaya. Kawu ya yi bayani har makogwaronsa ya bushe, mutumin yana gyaɗa kai yana cewa ai malamai na gaske haka suke ɓoye kansu. Da ya gaji sai ya cire ɗaya ya ba shi. Bayan mako biyu sai ga mutumin nan har gida a Birnin Kebbi, ɗauke da ƙaton giwan ruwa.

"Malam, layag ga taka ta yi."

"Bawan Allah, bayanin takin zamani na ciki, ba addu'a ba."

"Ko mi na na ciki, Allah shi ƙara basira."

Kawu ya wuni yana faɗan jahilci. Amma kifin, shi ya cinye tsakiyarsa.

Rigimar gaske ta zo ne da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. An dawo da mu daga Sakkwato, ni da injin buga takarduna, shi kuma ya riga ya yi ritaya. Tsofaffin fayil-fayil rabi sun iso, rabi Allah kaɗai ya san inda suka maƙale. Sai ofishinmu ya shirya sa famfo a wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye bayan Gulma, don gyara ya fi haƙa sabuwa sauƙi. Ni na buga takardar, ni kuma na yi suɓul-da-baka a gaban Kawu muna cin abinci. Nan take ya ajiye cokali. Ya ce ya gwada rijiyar nan tun ina makarantar firamare, akwai sinadarin da ke cin haƙoran yara, yana lanƙwasa musu ƙafafu.

Washegari ya faɗo ofis ba ko sallamar kirki. Shugabanmu ya ce ya kawo fayil. Kawu ya ciro abinsa na fata ya dangwarar a kan tebur. Mutumin ya ture shi da bakin biro, ya ce nan ofis ne, ba a aiki da laya. Ina bayan injina ina addu'ar ƙasa ta tsage.

"To ku riƙe hwayil ɗinku," in ji Kawu. "Masu shan ruwan za ni gaya ma."

Na roƙe shi ya rufa mini asiri da aikina. Ya dube ni ya tambaye ni ko zan ba ɗiyata ruwan nan. Wallahi na ji haushinsa. Amma ran Asabar ni na riƙe masa jaka a motar zuwa ƙauyen.

Da rana tsaka ya sa aka rufe zauren maigari da tabarmi, ya farke fatar ya zaro fim ɗin, ya haɗa shi da tocila da gilashin ƙara girma, ya aro farar rigar maigarin ya rataye a bango. Shafin ya fito ɓaro-ɓaro. Ashe a ƙasan kowane sakamako yakan rubuta bayani da ajami, har da sunayen gidajen da ya duba yaransu. Liman ya matso yana karantawa a fili. Can wani dattijo ya ji sunansa da na ɗansa, wanda ke zaune a gefensa da sanda. Ƙafafun ɗan a lanƙwashe suke.

Ranar da masu famfo suka je, sun tarar an cika bakin rijiyar da ƙaya, matan gari sun zauna kewaye da ita suna tsinkar zogale. Ba wadda ta ko ɗaga kai. Dole aka haƙa sabuwa a inda Kawu ya nuna. Ni kuwa ofis ya mayar da ni aiki Argungu don in ji a jikina. Da na je masa da hawaye, sai ya ce in daina kuka, kifi ya fi araha a can. Har yau ban yi nadama ba, amma na yi wata guda ba na gaishe shi da fara'a.

Da safiyar da ya rasu, ana shirin wanka, sai ga babura uku sun tsaya a ƙofar gida, kowanne da jarkoki ɗaure a baya. Mutanen ƙauyen nan ne. Babbansu ya ce ba su da abin ba shi, ruwan sabuwar rijiya ne suka ɗebo, a taimaka a yi masa wanka da shi. Da shi aka yi. Ban yi kuka ba sai a lokacin.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa zafin kansa, ya shayar da shi daga Alkausara kamar yadda ya tsaya wa yaran da ba nasa ba. Amin.