Wanda Ya Taɓa Igiya

Shekarun baya, kafin furfura ta san hanyar kaina, neman abinci ya kai ni wani ɗan gari a bakin teku, can kudu. Ni mutumin Roni ne, babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Kazaure. Albasa nake sayarwa. Garin kaf kifi ne: maza na teku, mata na banda, har rigar sallata ƙarni take yi.

Ana nan na faɗi a babur, hannun dama ya karye. Kasuwa ta tsaya, jari ya narke, har ta kai matata na ɗora tukunya da ruwa zalla don kada maƙwabta su gane. 'Yarmu kuwa ta fara ramewa.

Maƙwabcinmu, wani dattijo masunci, ya gane. Ya aiko da kifi cike da kwano. Ni kuma, sarkin girman kai, na mayar, na ce a yi masa godiya, muna da abinci. Matata ta koma ta sake ɗora tukunyar ruwan nan.

Washegari da sassafe ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce in raka shi bakin ruwa, hannu ya yi musu kaɗan. Na tarar da jama'a sun yi layi suna jan taru da wata doguwar igiya, suna waƙa. Ya kama hannuna na hagu ya ɗora a kai. Wallahi jan da na yi ko akuya ba zai motsa ba.

Da tarun ya fito aka yi kashi-kashi, sai ga nawa. Na ce, "Baba, ni fa ban yi komai ba."

Ya ce, "A garin nan duk wanda ya taɓa igiya yana da rabo. Ba kyauta ba ce, ɗauki abinka."

Sai daga baya na lura layin nan ba ya buƙatar ƙarin ko mutum ɗaya. Haka ya riƙa tashina kullum har na warke, 'yarmu ta murmure.

Har yau in na tuna shi idona kan kawo ruwa. Na dawo gida ina noma. Duk kaka, in na ga maƙwabcin da shekara ta juya wa baya, ba na aika masa da hatsi. Zuwa nake in ce hannu ya yi mini kaɗan, ya zo ya riƙe mini bakin buhu.