Ruwan Ɗorawa da Ruwan Goro

Shekaru kaɗan bayan an ƙirƙiro Jigawa, ina koyar da kemistiri a Gumel, aka ɗora mini zagayen malaman kimiyya na ajin ƙarshe, tun daga Maigatari har Gagarawa. Ba ofis, ba mota, sai babur ɗina da kwalin kwalabe a baya. A lokacin ina da zafin rai, kuma ina ji da kaina.

A wata makaranta ta wajen Sule Tankarkar, ɗalibai tara suka zauna jarrabawar fita, duka taran suka faɗi kemistiri. Aka ce in je in duba malamin, in rubuto ko a bar shi ko a ɗauke shi. In aka ɗauke shi kuwa babu madadi, an rufe ajin kimiyya ke nan.

Malamin mutumin Filato ne, Kirista, mai sanyin magana. Na zauna bayan aji ina neman laifi ban samu ba. Darasi a bakinsa kamar ruwa, yara na biye da shi. Sai na ce mu je ɗakin gwaji.

A jarrabawar akwai gwajin da ake ɗiga asid daga dogon bututun gilashi cikin kwalba, ɗigo-ɗigo, har ruwan ciki ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro. Nan ɗalibi zai rufe famfon ya rubuta lambar da ke jikin bututun. Malamin makaranta ma yana yin nasa a keɓe ya aika, kuma da lambarsa ake auna ta yara. In shi ya kauce, kowa ya kauce.

Na ce ya yi a gabana. Ruwa ya zama ruwan goro, bai rufe ba. Ya yi ja, har ya yi jawur, sannan ya kai hannu. Ya sake, haka. Raina ya ɓaci, na daka masa tsawa a gaban ɗalibansa: "Malam, barci kake yi ko wasa?" Har yau ina jin kunyar wannan maganar.

Da yara suka fita ya ce, "Yallaɓai, ai sai da ya juya na rufe."

Na jera kwalabe biyu a bakin taga, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya ruwan goro, na ce ya nuna mini wacce ta juya. Ya daɗe yana kallo, ya ce duk ɗaya ne. Idonsa ba ya rarrabe su tun haihuwa, kuma bai sani ba, domin inda ya yi karatu a allo aka koya musu gwajin.

Na so in ɓoye masa abin da hakan ke nufi ga ɗaliban da suka faɗi, amma ya riga ya yi lissafin a kansa. Ya zauna a benci ya ce, "Ashe yaran bara su ne da gaskiya." Ya ce da sakamako ya fito, tara su ya yi ya kira su malalata.

Na rubuta a bar shi. Na ɗaukar wa kaina zuwa duk ranar gwaji in zama idonsa, ban gaya wa kowa dalili ba. Amma shi ba wannan ne ya dame shi ba. Ya roƙe ni in kai shi wajen yaran ɗaya bayan ɗaya.

Na farko a garin Ɗanzomo muka same shi, yana auna gero a rumfar babansa. Shi ne gwanin ajin, likita ya so zama. Ya durƙusa ya gaishe mu. Malam ya tashe shi, shi ya rusuna, ya faɗa masa komai, bai rage ba. Ya ce in zai sake zama jarrabawar, shi zai koya masa kyauta.

Saurayin ya ajiye kwanon awo. Ya ce an riga an yi masa mata, kuma baba ya tsufa. Can ya ce, "Malam, wallahi na ga ya juya. Amma da ka ce mu ne ba mu iya ba, sai na yarda da kai."