Ruwan da ke Ƙirjin Gwaggo

Har yau ba na son warin anza, 'ya'yan itacen dajin nan da ake ci lokacin yunwa, in an jiƙa ta. Da na ji shi sai in tuna shekarar da damina ta ƙi mu a Gangara, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji, in kuma tuna gwaggona.

Yayar babana ce, tana da taɓin hankali tun kafin a haife ni. A gidanmu ciwo ɗaya aka san ta da shi. In ta yi kuka, ciwonta ne. In ta ƙi cin anza, ciwonta ne. Ka san halinmu, wanda aka ce ba shi da hankali an gama sauraronsa.

Ran nan ta dafe ƙirji ta ce wa babana, "Ɗan'uwana, ruwa gare ni nan ciki. Ji nike yana motsi."

Tsakar gida ta ɗauki dariya, mu da muka daɗe ba mu yi ta ba. Ni mai bakin tsiya na ce, "Gwaggo, to ki sam muna mu kai gona mana!" Aka ƙara fashewa. Ita kallona kawai ta yi.

Sau uku babana yana ɗora ta a amalanke zuwa Gazawa, daga nan mota ta kai su gidan likita a birni. Kowace tafiya tun daga ƙofa yake faɗin ciwonta ya tashi. Sai a yi mata allurar barci, ta kwana biyu, a sallamo ta. Ta dawo shiru, mu ce ta samu sauƙi, alhali ƙafafunta na kumbura, barci ma sai a zaune, jingine da bango. Kumburi kuwa a shekarar ba abin kallo ba ne, yunwa ta raba shi gida-gida.

A tafiya ta huɗu ne wani likita ya ɗora abin sauraro a bayanta. Babana ya ce da allura aka zuƙo ruwan, ya kusa cika kwano. Shi kaɗai ya dawo, da zanenta a naɗe.

Yanzu babur na kai mutum Gazawa kafin shayi ya huce. Ni ma na tsufa, jikoki sun fara yi mini dariya in na faɗi inda ke mini ciwo, ba na kuma jin haushinsu. Abin da ke cina shi ne gaskiya ta faɗa mana, da Hausa sarai, ni kuwa ban taɓa ce mata ta yafe mini ba.