Man Kifi da Tsuntsuwar Iya Hure

A gidanmu na Birchi ba a jin tatsuniya kyauta. Da an gama cin tuwo, kakarmu Iya Hure za ta tara mu jikoki a gindin murhu, ta zube mana kwandon wake mu ɓare. Wanda hannunsa ya tsaya, kunnensa ya gama ji. Ni aka fi kora, don bakina ba ya rufuwa. "Wagga ɗiya," in ji Iya, "ko kurma ta samu sai ta gajiyar da shi."

Sai ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata tabarma." Mu ce ta zauna mu ji ta.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wata mata da ta tsinci 'yar tsuntsuwa a gona, ta saka ta cikin tulu mai ƙaramin baki, tana jiran ta yi mata waƙa. Shiru. Maƙwabta suka ce man shanu ke gyara murya. Kullum da safe sai matar ta buɗe bakin tsuntsuwa ta ɗura mata ludayi guda. Tsuntsuwa ta yi ƙiba har bakin tulu ya yi mata kaɗan, waƙa kuwa ko alama. Ran nan matar ta fusata ta ce, me na rage ki da shi? A nan Iya kan maƙale murya kamar tsuntsuwar ce ke amsawa: "Kullum da ludayi kike zuwa. Ban taɓa jin kin rera komi ba, to mi zan maimaita?"

A nan Iya take tsayawa. In mun tambaya ko tsuntsuwar ta fita, sai ta ce mu ji da wakenmu. A lokacin dariyar tsuntsuwa mai ƙiba kawai muke yi.

Yanzu ina zaune a Dutsin-Ma, a ciki da falo na haya. Ina koyarwa a firamare, maigidana direba ne, sai ya yi mako uku ban gan shi ba. Ɗana Sadiku ya shekara biyu da rabi bai taɓa furta kalma ba, ko "Mama". Ni da aka sani da surutu, in na wuni ina daka wa 'ya'yan mutane tsawa, na ɗauko shi daga wurin maƙwabciya, ba ni da sauran murya. Sai in miƙa masa waya in kwanta. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma haka ne.

Surukata, Hajiya, ta aiko daga Kurfi da kwalbar man kifi, wanda masu kemis ke kira omega, wai yana buɗe ƙwaƙwalwar yara. Sadiku ya ƙi ƙarninsa. Hajiya ta ce a yi masa ɗura, haka aka yi wa ubansa da kunu. Kullum da safe nakan matse shi tsakanin cinyoyina, in toshe masa hanci, in ya buɗe baki neman numfashi in juye cokali. Har ya kai in ya ji motsin kwalbar sai ya shige bayan ƙofa.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta gaya mini man ba shi da laifi in an bi ƙa'ida, amma ba shi ke sa magana ba. Ta ce a duba kunnensa, in riƙa yi masa hira, in daina ɗura kada ya shaƙe. Na yarda da ita, don na riga na ji wannan tun a gindin murhu. Amma wa zai kalli Hajiya ya ce mata ba ta iya raino ba? Kullum sai ta kira ta ji ko ya sha, ni kuma tsoro nake in daina, yaro ya girma a haka, a ce ni na hana shi magani.

Ranar Talatar da ta wuce na matse shi kamar kullum. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya dube ni ya ce, "Bari."

Kalmarsa ta farko ke nan. Na rungume shi ina kuka, man yana zuba mana a jiki. Da na samu natsuwa na kira Kurfi.

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya. "Kin gani ko? Magani ya fara aiki. Daga gobe ki mai da shi cokali biyu."