Kwanon da Na Zaɓa wa Maigidana

Shekarar da muka haifi 'yarmu ta biyu, wuyan maigidana ya fara ƙin dako. Kwandunan tumatir yake saukewa daga manyan motoci a kasuwar Mile 12 ta Legas, in ya dawo ɗakinmu na Agege sai na gasa masa wuya da ruwan zafi kafin ya iya waiwaye. Ana cikin haka wani ɗan garinsu da ke haƙar zinare a dajin Ilesha ya kira shi, ya ce akwai wuri, amma kowa da kayan aikinsa yake zuwa.

Ban so tafiyar ba. Amma da na ga ya ƙudurta, sai na ce to tare za mu je sayen kayan. Shi mutumin Maraɗi ne, Yarabancinsa bai wuce gaisuwa ba, ni kuwa a Agege aka yanke min cibiya.

Ranar Asabar muka hau motar haya ta danfo zuwa Mushin, layin masu kayan ƙarfe. Muna isa rumfar wata dattijuwa Bayarabiya ya kai hannu kan digar da ta fi kowace girma. Ya ɗaga ta sama yana murmushi, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Malam, ajiye ta," na ce. "Daga kwando muka gudo, ba za ka koma ɗaukar wani kwandon mai ƙota ba."

"Ke hwa ba ki san aikin maza ba," in ji shi, amma ya ajiye.

Dattijuwar ta tambaye ni abin da muke gardama a kai, na faɗa mata. Ta yi dariya, ta jawo wata matsakaiciya, ta jingina ta da ƙugunsa ta gwada tsawon ƙotar. Ta ce in gaya masa diga ba a zaɓenta da ƙarfin safe, da ƙarfin yamma ake zaɓenta. Muka ɗauke ta, da shebur mai gajeren hannu, da guduma.

Sai batun kwanon wanke ƙasa. Shi idonsa na kan wani fari fat mai walƙiya. Na tuna masa ɗan garin nasu ya ce zinaren ƙasa-ƙasa yake kwantawa kamar tsakuwar shinkafa, kuma ƙanana ne ƙwarai. A farin kwano ina zai gan shi? Na tona can ƙarƙashin tarin na zaro wani baƙi mai faɗi, marar zurfi, na juya shi a hannu yadda nake juya ƙwarya in ina rege, na ji ya zauna min.

"Wannan mummunan?"

"Shi. Ai ba aurensa za ka yi ba."

Washegari muka yi gwaji a tsakar gida. Na ɗebo yashi a gun masu gini, na jefa ɗan kunnena da ya karye a ciki, na zuba ruwa na miƙa masa. Girgiza ɗaya ya yi, yashi da ɗan kunne suka bi ruwa zuwa bakin kwata. Matan gida suka fashe da dariya, har maƙwabciyarmu ta tsaya da wanki. Shi ma dariyar yake, yana lalube a ƙasa. Na tsuguna a bayansa na riƙe hannayensa, muka riƙa juyawa a hankali, yashin sama na zuba kaɗan-kaɗan. Kafin la'asar ya iya.

Da ya isa can, masu ramin suka ga hannunsa ya faɗa a wankin ƙasa, sai suka bar shi a bakin rafi, bai shiga rami ba. Ranar da ya gaya min haka a waya na yi sadakar ƙosai.

Ya dawo ƙarshen damina, ya rame, ya yi baƙi. Arzikin da ake ba da labari bai same shi ba, amma ya samu abin da ya kafa teburin albasa, ya bar dako. Da ya cire silifas na ga ƙafafunsa duk sun tsattsage, tsakanin yatsu ya yi fari saboda tsayuwa cikin ruwa. Mun zagaye Mushin kaf, babu wanda ya tuna da takalmin ruwa a cikinmu.

Na ɗauko man kaɗe na ɗora ƙafarsa a cinyata. Ina shafawa yana ba ni labarin wani biri da ke sace musu garin kwaki, ƙaramarmu kuma tana leƙensa daga bayan labule, don ba ta gane shi ba tukuna.