Fuskar Inna Kulu a Wayar Mama

Inna Kulu, kakata, ba ta fara tatsuniya sai ta janye itace ɗaya daga murhu, wutar ta kwanta. Ni can gefe nake zama, inda ba mai cewa in yi magana, ina kallon yadda haske ke bin tsagar kumatunta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta yarinyar da aka aika ɗebo wuta ƙetaren gulbi. Don tsoron duhu sai ta ɗaga kaskon daidai fuskarta, garwashin ya kashe mata ido, ta yi ta faɗawa ramuka. Wata tsohuwa ta tsayar da ita: "Sauke shi ƙasa, ɗiyata. Hanya kika biɗa, ba wuta ba." Daga nan Inna kan yi hamma. "Ta kai gida. Ku tashi, bayana ya gaji."

Kafin rasuwarta, Kawu Sani mai kai albasa Benin ya ɗauke ta bidiyo da babbar wayarsa tana wannan tatsuniyar a bakin murhu. Bayan sadakar arba'in ya turo wa Mama, ya sayar da wayar. Ba mu da wani hotonta.

Muka buɗe. Muryar tana nan, amma wutar ta zama farin tabo, fuskar kuma ta koɗe kamar zanen da ya daɗe a rana. Na ƙara haske, na rage, na goge gilashin da bakin hijabina. Mako uku ina yi. Mama ta daina tambaya.

Ranar kasuwar Bagudo na kai wa Oga Chidi mai gyaran waya wayar Mama. Ya duba, ya ce, "Malama ƙarama, wayarku ƙalau take. Wannan HDR ne, bidiyo mai ɗauke da haske da yawa. Taku ba ta iya nuna shi. Sai in juya shi a kwamfuta ya koma na gama-gari. Amma wutar ba za ta yi kyau kamar da ba."

"Ba wutar nika so ba," na ce, da ƙyar ya ji ni.

Da ya gama, wutar ta dusashe, ta yi ja-ja. Ga fuskar Inna: ga tsagar nan uku, ga haƙorin da ya karye.

A da ina tsammanin tatsuniyar ta matsorata ce irina. Ashe sai an sauke wuta ake ganin abin da ake biɗa. Ranar, Mama ta karɓi wayar ta shiga ɗaki, na ji ta maimaita wurin hammar har sau huɗu.